Ɗaki mai ƙafa huɗu

 

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, wani dattijo ɗan kasuwa da muka daɗe da sanin juna ya ja ni gefe a bakin kantinsa, nan Maradi, ya ce yana da magana. Na zaci zancen bashi ne ko na ɗaurin aure. Sai ya fiddo salula daga aljihu ya nuna mini wani hoto. Cikin mota ne, an cire kujerun baya, an shimfiɗa katifa, ga jakar tufafi, ga jarkar ruwa, ga dadduma a naɗe a gefe guda. Ya ce: «Malam, wannan makwancin ɗana ne da ke Amurka. Shekara huɗu ke nan bai taɓa fashin aiko mana da kuɗi ba, ko wata guda. Sai makon jiya ƙaninsa ya tona mini cewa tun kafin azumi ya saki ɗakin da yake haya, nan yake kwana. Da na tambaye shi sai ya yi dariya, ya ce wai dabara ce, har Turawa masu kuɗi suna yin haka. Ni kuwa tun ranar barci ya ƙaurace mini. Kai da kake karanta jaridun Nasara, gaya mini gaskiya: dabara ce ko wahala?»

Na ce: «Alhaji, ba ni mako guda.» To, mako ya cika. Da izninsa nake ba da amsar a nan, ba tare da ambaton suna ba, domin na san ba shi kaɗai ne mai ɗa a ƙetare ba.

Da farko dai yaron bai yi ƙarya ba. A Amurka da Turai akwai mutane masu yawa da suka mai da mota gida. Irin motar da aka fi yi da ita ita ce mai rufaffen baya, ƴar'uwar Hiyas ɗin da ke jigila tsakanin Maradi da Damagaram, kamar su Ford Transit da Mercedes Sprinter. Ana cire kujeru, a kafa gado, a ɗora faifan hasken rana a bisa rufi, a sa ɗan murhun gas da bokitin bayan gida. Kuma gaskiya ne cikinsu akwai masu hali. A 2011 wani saurayi mai suna Foster Huntington ya ajiye aikinsa a wani babban kamfanin tufafi na birnin Niyok, ya shiga tsohuwar Volkswagen ya kama yawon bakin teku yana watsa hotuna a Instagram. Daga gare shi abin ya zama yayi. A 2015 jaridun wasanni suka cika da labarin Daniel Norris, ɗan wasan ƙwallon gora, wanda aka ba shi dalar Amurka miliyon 2 ranar da ya sa hannu a kwangila, amma aka iske shi yana kwana cikin wata Volkswagen ƙirar 1978 a bayan wani babban kanti. (In na ce dala a wannan rubutu, ta Amurka nake nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba. Don sauƙin lissafi zan riƙa ƙirga ta a kan Sefa 600.) Waɗannan don marmari suke yi, ranar da suka gaji ƙofar gida a buɗe take gare su.

Wanda ya yi don tattalin kuɗi tsantsa, labarinsa ya fi dacewa da ƴan kasuwa, shi ne wani injiniya ɗan shekara 23 da kamfanin Google ya ɗauka aiki a 2015 a jihar Kaliforniya. Lokacin da yake koyon aiki ya zauna a wani gida mai ɗaki biyu, su huɗu, kuma rabonsa kaɗai yana kusan dala 2.000 a wata, watau Sefa miliyon 1 da jikka 200. Da aka tabbatar da shi a aiki sai ya ce ba da shi ba. Ya sayi wata tsohuwar ƙaramar kamiyo ta ɗaukar kaya a kan dala 10.000, ya sa gado da akwatin tufafi, ya ajiye ta a filin ajiye motocin kamfanin. Cikin wata biyar kuɗin hayar da bai biya ba ya mayar masa da kuɗin motar. Ko wane ɗan kasuwa ya ji wannan zai jinjina kai ya ce yaron ya iya lissafi.

Amma fa a dubi abin da ke ƙarƙashin lissafin. Kamfanin yana ciyar da ma'aikatansa safe da rana da dare kyauta. Yana da wurin wanka da bayan gida a buɗe dare da rana. Wutar cajin salula da kwamfuta a biro take. Filin da motar ke tsaye na kamfanin ne, da masu gadi. Ga shi gwauro, ga ƙuruciya, ga albashi mai tsoka wanda in motar ta lalace yau gobe zai kwana a otel. Ashe gado kaɗai ya kai cikin mota. Madafa da makewayi da tsakar gida da mai gadi duka mai aikinsa ne ya ɗauke masa. Wannan shi ne abin da masu watsa hotuna ba su cika nunawa ba, kuma a kansa amsar Alhaji ta rataya.

Me ke kai ma'aikaci, a ƙasar da ta fi kowace ƙasa dukiya, ga kwana cikin mota? Ma'aikatan gwamnatinmu su saurara, domin wannan lissafin sun san irinsa. Albashi mafi ƙanƙanta da dokar tarayyar Amurka ta yanke shi ne dala 7,25 a awa, kuma tun 2009 yake nan. Wanda ya yi awa 40 a mako zai tashi da kimanin dala 1.250 a wata, kafin a cire lanho. Da kuɗinmu ya haura Sefa jikka 750. A nan ƙasar, inda aka ɗaga albashi mafi ƙanƙanta daga 30.047 zuwa 42.000 a farkon 2024, wanda ya ji wannan adadi sai ya ce ai waɗannan sun gama da talauci. To, ga ɗaya gefen takardar. Wata ƙungiya mai bin diddigin hayar gidaje a can takan fitar da rahoto kowace shekara. A na 2024 ta nuna cewa matsakaicin gida mai ɗakin kwana biyu yana cin kimanin dala 1.670 a wata, watau kimanin Sefa miliyon guda, mai ɗaki ɗaya kuwa kusan dala 1.400. Ƙa'idarsu ita ce kada haya ta wuce kashi 30 bisa ɗari na abin da mutum ke samu. Bisa wannan ƙa'ida, sai mai samun dala 32 a awa ne zai iya riƙe gida mai ɗaki biyu ba tare da ya ƙuntata ba. Jihohi da yawa sun ɗaga nasu albashin sama da na tarayya, amma galibi inda albashi ya hau, haya ta riga shi hawa. Masu bincike na jami'ar Harvard sun ƙidaya cewa a 2022 rabin masu haya a ƙasar, iyali miliyon 22 da ɗoriya, suna biyan fiye da wannan kashi 30. A wani dare guda na watan Janairu 2024 da gwamnati ta yi ƙidaya, an samu mutum 771.480 marasa muhalli, alhali shekarar da ta gabata 653.104 ne. Masu kwana a mota, in an gan su, cikin wannan lissafi ake sa su. Da yawa kuwa ba a ganinsu, domin dukan dabararsu ita ce kada a gane akwai mutum a ciki.

Mutumin da ya fi kowa suna a wannan harka shi ne wani dattijo mai farin gemu, Bob Wells. A 1995 yana aikin jera kaya a wani kantin abinci a garin Ankorej na jihar Alaska, inda sanyi ke daskarar da ruwa wata da watanni. Aurensa ya mutu, rabin albashinsa ya koma ga ciyar da tsohuwar matar da ƴaƴa, abin da ya rage bai isa haya ba. Ya sayi wata tsohuwar motar kaya a kan dala 1.500 ya shiga. Shi da bakinsa ya sha faɗin cewa daren farko da kuka ya yi barci. Daga baya ya saba, har ya ga kuɗi sun fara taruwa a hannunsa, ya koma yana koya wa wasu yadda ake yi. Ya kafa wani taro na shekara-shekara a Kwazait, wani ƙaramin gari cikin hamadar jihar Arizona, inda a watan Janairu masu zaman mota ke haɗuwa, a koya wa sabon shiga yadda ake haɗa faifan rana, da yadda ake wanka da ruwa kaɗan, da inda ake kwana ba a kore ka ba. Taron ya fara da mutane ƴan gomiya, kafin shekara goma ya kai dubbai.

Dalilin taruwa can shi ne filin gwamnatin tarayya. A yammacin Amurka akwai daji mai faɗin gaske wanda kowa ke iya sauka a cikinsa kyauta, da sharaɗin kada ya wuce kwana 14 a wuri guda. Kusa da Kwazait kuma akwai wuraren da aka keɓe na dogon zama, daga tsakiyar Satumba zuwa tsakiyar Afrilu, waɗanda a 2023 dala 180 ake biya na dukan wata bakwai ɗin. Araha ƙwarai. Sai dai a daji babu aiki. Inda aiki yake, watau birni, can ne babu wurin tsayawa.

Wata ƴar jarida, Jessica Bruder, ta bi waɗannan mutane shekara uku, ta fitar da littafi a 2017 mai suna Nomadland, wanda aka mayar fim a 2020, ya ci babbar kyautar Oscar a 2021. Abin da ta iske ya bambanta da hotunan samari a bakin teku. Yawancinsu tsofaffi ne, masu shekara sittin da saba'in, mata da yawa a ciki, waɗanda rikicin kuɗi na 2008 ya cinye musu gida ko ajiya, ko kuwa kuɗin fanshonsu bai kai na haya ba. Fim ɗin ya fara da labarin gaskiya na garin Empire a jihar Nebada. Gari ne na kamfani: ma'adinin farar ƙasa na kamfani, gidaje na kamfani. A farkon 2011 aka rufe masana'antar bayan shekara 88 tana aiki, aka ba mazauna wa'adin ƴan watanni su tashi, har lambar gidan wayar garin aka soke. Mu da muka san garuruwan ma'adinai na arewacin ƙasarmu ba sai an yi mana dogon bayani ba. Irin waɗannan tsofaffi su ne ke bin aikin lokaci-lokaci daga jiha zuwa jiha: gadin sansanin shaƙatawa da bazara, girbin gwozar sukari da kaka, sannan aikin sito kafin Kirsimeti. Kamfanin Amazon har shiri na musamman ya yi domin su, yana biya musu wurin ajiye mota, su kuwa su yi awa goma a tsaye suna tafiyar kilomita da yawa a kan daɓen siminti suna ɗauko kaya. Daga baya kamfanin ya rufe shirin.

Suna kiran kansu makiyaya, kuma sunan yana yi musu daɗi, domin ya fi «marar gida» daɗin ji. Ni dai da na karanta sai na yi murmushi. Makiyayin da muka sani, Bafillace ko Buzu, in ya tashi da iyalinsa yake tashi, da danginsa, ya san rijiyar da za ya sauka da wanda za ya iske can. A wurin Buzaye ma tantin na matar ne, da shi take zuwa gidan aure. Dukiyar da yake kora kuwa haihuwa take yi: saniya ta ba shi nono yau, ta ba shi maraƙi baɗi. Makiyayin Amurka shi kaɗai ne a bayan sitiyari, ko shi da kare, kuma abin da yake kora kullum tsufa yake yi.

A nan ne nake son Alhaji da ƴan'uwansa ƴan kasuwa su ɗauko alƙalami, domin sun fi ni sanin wannan babi. Kuɗin haya asara ce, kowa ya yarda. Ka biya shekara goma, ko bulo guda ba naka ba ne. Amma mota ma ba jari ba ce. Fili a Yamai ko a Maradi in ka saya ka manta da shi, bayan shekara goma ka iske ya ninka. Ma'aikatan da aka ba filaye a madadin bashin albashinsu a farkon shekarun 2000, waɗanda suka daure ba su sayar da arha ba, sun ga haka da idonsu. Mota kuwa tun ranar da ka karɓi makulli take raguwa. Sannan mai zaman mota bai daina biyan haya ba, masu karɓa ne suka yawaita. Mai gidan mai yana karɓar rabonsa, domin motar da ake kwana ciki dole ta riƙa motsi, kuma da sanyi ko zafi sai an ta da inji. Kamfanin asirans yana karɓa. Gidan motsa jiki yana karɓa duk wata, ba don mutum yana son ɗaga ƙarfe ba, sai don can ne kaɗai zai samu wanka. Mai injin wanki yana karɓa. Wanda ba shi da firiji ba ya sayen abinci da yawa ya ajiye, sai na yau, ko dafaffe, kuma kowa ya san mai sayen tiya-tiya ya fi mai sayen buhu biya. Kayan da ba su shiga mota ba sai an kama musu ɗan sito na haya. Ko adireshi sai an saya: banki da mai ba da aiki da hukumar lasisin tuƙi duka suna neman adireshi, shi ya sa ake da kamfanonin da sana'arsu ke nan, su ba ka adireshi a jiha irin Dakota ta Kudu ko Tekzas ko Florida, su riƙa tura maka wasiƙunka.

Duk da haka, in an tara waɗannan, sau da yawa ba su kai kuɗin ɗaki a babban birni ba. Ba zan ɓoye wannan ba: ana samun rara. Matsalar tana ranar da motar ta ƙi tashi. Mai haya in motarsa ta lalace, ya kai ta garaji ya koma gida da ƙafa. Mai zaman mota in ya kai ta garaji, ɗakinsa ya kai, da gadonsa, da tukunyarsa. Gyaran inji ko na giya a can yana cin dubban daloli, watau rarar wata da watanni a yini guda, ga kuɗin otel na kwanakin da bakanike zai yi yana jiran kayan gyara. Wanda ke ajiye rarar, zai tsallake wannan rana. Wanda ke aika rarar gida duk ƙarshen wata, ranar za ta iske shi hannu wofi. Alhaji, a nan ne zancen ya zo kanka.

Sai kuma hukuma. A garin Siyatil wani lebura mai kwana cikin motarsa, da kayan aikinsa a ciki, ya ajiye ta a wani filin ma'aikatar magajin gari fiye da awa 72 da doka ta yarda. A watan Oktoba 2016, yana wurin aiki, aka zo aka ja ta. Ya yi kusan mako uku yana kwana a ƙasa, kuma kafin a sakar masa ita sai da ya amince zai biya dala 547. Ya kai ƙara. Kotun ƙolin jihar Washinton ta ba shi gaskiya, ta ce motar da mutum ke zaune ciki gidansa ce a idon doka, kuma tarar ta fi ƙarfinsa. Amma a watan Agusta 2021 aka yanke wannan hukunci, kusan shekara biyar bayan an ja motar. A Los Anjeles wata kotun ɗaukaka ƙara ta soke dokar hana zama cikin mota a 2014, saboda ba ta fayyace abin da ta hana ba, har mai cin abinci cikin motarsa ana iya kama shi. Birnin ya koma ya sake rubuta wasu ƙa'idojin. Daga baya iska ta juya gaba ɗaya. Ranar 28 ga Yuni 2024 Kotun Ƙolin Amurka, da alƙalai 6 a kan 3, ta ba garin Grants Pass na jihar Oregon gaskiya, ta ce gari yana da ikon hukunta mai kwana a fili na jama'a ko da babu gado a gidajen agaji. Tarar garin ta fara daga dala 295, mai maimaitawa kuma yana iya shan kwana 30 a kurkuku. Matar da shari'ar ke ɗauke da sunanta cikin mota take kwana.

Akwai garuruwan da suka bi ta lalama. Santa Barbara ta fara wani shiri a 2004, inda coci-coci da ma'aikatu ke buɗe filayen ajiye motocinsu da dare ga waɗanda aka yi wa rajista, da safe kowa ya kama gabansa. Wasu birane sun kwaikwaya, sai dai wuraren ba su isa ba. Saura kuwa sai ɓuya: a toshe tagogi da baƙin ƙyalle, a iso unguwa bayan mutane sun kwanta, a tashi kafin su farka, kada a kunna fitila, kada a kwana biyu a titi guda. Abin da kowa ke tsoro shi ne ƙwanƙwasar tsakar dare. In Bature ɗan ƙasa yana jin faɗuwar gaba da wannan ƙwanƙwasa, ku auna baƙon da ya zo daga Afirka, baƙar fata, wanda wataƙila takardunsa ba su gama daidaita ba.

Ba Amurka kaɗai ba. A Ingila, hukumar birnin Bristol ta ƙiyasta a 2024 cewa motocin da ake zaune cikinsu sun haura 600, kuma tun 2022 akwai dokar da ta ba ƴan sanda ikon ƙwace motar wanda ya sauka a filin wani ya ƙi tashi. A Faransa, samari masu aikin lokacin sanyi a garuruwan wasan ƙanƙara na tsaunukan Alp sukan kwana cikin kamiyo, domin ɗaki a can na masu yawon buɗe ido ne, albashin mai wanke kwanoni ba ya kai wa gare shi. A watan Janairu 2013, a garin La Clusaz, wuta ta tashi cikin irin wannan mota da dare, saurayi da budurwa suka mutu a ciki. Sanyi ke sa a rufe ko'ina a kunna abin ɗumama, daga nan sai gobara ko hayaƙin da ba ya wari, mai kashe mutum cikin barci. Zafi ma haka. A 2023 birnin Finiks na Arizona ya yi kwana 31 a jere zafi bai sauka ƙasa da digiri 43 ba da rana, kuma a gundumar aka ƙidaya mutum 645 da zafi ya kashe a shekarar, marasa muhalli da yawa a cikinsu. Wanda ya taɓa buɗe ƙofar motar da ta wuni a rana a Tawa cikin watan Afrilu ya san abin da ake nufi da ɗakin ƙarfe.

Wani zai ce ai mu ma muna da masu kwana a mota. Haka ne. A je tasha, ko bakin iyaka irin Ɗan Isa da Birnin Ƙonni, a ga direba cikin kan kamiyo, yaran mota a ƙarƙashi bisa tabarma, da tukunyar shayinsu, wani lokaci mako guda suna jiran takardun duwan. Kuma mun san ƙaramin ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Yamai, ya ji kuɗin abansin da masu gida ke nema kafin a ba shi ko antire-kushe, ya bar iyali a garinsu, ya riƙa naɗe tabarma a bayan kabad ɗin biro kafin shugaba ya iso. Waɗanda suka yi aiki a shekarun 1990, lokacin da albashi ke yin wata da watanni bai fito ba, ga karyewar darajar Sefa ta Janairu 1994 a kai, sun ga fiye da haka. Bambancin shi ne direban yana da gidan da yake komawa, ma'aikacin kuma bai rasa zauren ɗan garinsu da zai ci tuwon dare ba. Mu har yanzu kunya ce a ce ɗan'uwanka yana gari yana kwana waje. Can kuwa mai gida yana rubuta yawan mutanen da za su kwana a ɗaki cikin takardar haya, wanda ya sauki baƙo ya daɗe yana iya jawo wa kansa kora.

Akwai kuma abin da ba ya shiga lissafin kuɗi, wanda na san shi ne ya fi damun Alhaji ko da bai faɗa ba. A ina yaron ke kama ruwa? A ina yake alwalar asuba cikin sanyin da ke daskarar da jarka? Motar da ba a iya miƙewa tsaye cikinta, yaya ake salla? In ya kwanta ciwo, wa zai sani? Kuma wane uba ne zai ba da ƴarsa ga mai ɗaki mai ƙafa huɗu?

Jiya da la'asar na koma kantin Alhaji na karanta masa wannan takarda kafin in kai ta wurin bugawa. Na ce masa dabara ce ga wanda ya san ranar fitarsa, yana da wurin tsayawa da ba a korarsa, yana da wurin wanka, kuma rarar tana taruwa a hannunsa shi kansa. In babu waɗannan, wahala ce da aka sa wa suna mai daɗi. Na ce in ya kira yaron kada ya fara da faɗa, kada kuma ya tambaye shi ko lafiya, domin «lafiya lau» zai ce. Ya tambaye shi a wane wuri motar ke kwana, da iznin wa. Nawa ya ajiye a banki tun da ya saki ɗakin. Kuma wane wata ya yanke zai koma ƙarƙashin rufi.

Alhaji ya yi shiru, yana juya carbi. Can sai ya kira yaron kanti ya ce ya ɗauko masa littafin da yake rubuta kuɗin da ake aikowa. Ya buɗe, ya bi da yatsa tun daga watan Sha'aban, ya tsaya. Ya ce tun daga wannan wata abin da yaron ke aikowa ya ƙaru da jikka 150, shi kuwa ya ɗauka ƙarin albashi aka yi masa, har ya sa aka fara zuba bulo a filin da ke bayan gida. Ya rufe littafin, ya ce wa yaron kanti ya je ya gaya wa magina su dakata, sannan ya tambaye ni ƙarfe nawa ne yanzu a can.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.